Makullin Rijiya a Haɓar Zane

Duk wanda ya san Mama Tambaya a Tudun Wada ta Gusau ya san ba ta iya addu'a a hankali ba. In ta durƙusa da sassafe, maƙwabta na ji, kaji na ji, mijinta Baba Dogo kuwa ya daɗe da cire rai da barcin safe. Yakan ce mata Ubangiji ba kurma ba ne. Ita kuma ta ce ta sani, amma masu roƙonsa sun yi yawa, dole mutum ya ɗaga murya.

Abu ɗaya take roƙo tun da suka baro ƙauyensu na gindin duwatsun Kwatarkwashi, lokacin da zaman can ya gagara. Ruwa take roƙo. Gidan da suka samu a Gusau ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da akurkin kaji, sai wani siririn fili da ya miƙe daga ƙofa zuwa katangar baya. Famfo yana nan tsaye a kusurwa, amma ado ne kawai, a kansa Dogo yake rataya hularsa. Ruwa sai na 'yan ga-ruwa, shi ma sai ran da suka ga dama suka biyo ta layin.

Ba ƙishirwa ce ta fi ci mata rai ba. A jikin azarar ɗakinta akwai wani tsumma a ƙulle, cikinsa irin yakuwar gonar mahaifiyarta, wata jar yakuwa mai faɗin ganye wadda Tambaya ke rantsuwa babu irinta a kasuwar Gusau kaf. Ranar da suka fito daga ƙauye, ban da kayan jikinta, wannan ƙullin ne kaɗai ta ɗauko. Mahaifiyar ta rasu, gonar ta zama daji, hanyar ma ba a bin ta. Burin Tambaya a duniya ta ga wannan iri ya yi kore a siririn filin nan, ta tsinka da hannunta ta yi miya. To, wa zai sayi ruwan jarka ya zuba wa ƙasa?

Wata Alhamis a taron zumuntar mata na cocinsu, ana tsakiyar addu'a, abin ya ciwo ta. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannu biyu.

"Ya Ubangiji, ka san ni, na san ka! In kab ba ni ruwa cikin gidana, na yi wa'adi gaban matan ga, ba mai shigowa da bokiti shi hita da shi wayam. Ko wane na, ko yaushe na!"

Mata suka amsa da Amin mai ƙarfi, masu kiɗan tulu suka buga, aka yi guɗa. Tambaya ta zauna tana jin daɗin kanta, don ita ma ta san maganar ta fita da kyau. Sai dai magana zarar bunu ce. Da ta koma gida ta maimaita wa Dogo, ya sauke rediyonsa daga kunne ya dube ta.

"Ko wane na kinka ce? Ko yaushe?"

"Haka zuciyata tab ba ni."

"To, madalla. Allah shi sa zuciyar ta taya ki shara."

Da bazara ta kama, ɗansu da ke aiki a Tsafe ya turo musu wani mahaƙin rijiya, Kamilu, mutumin Bungudu. Kamilu ya fara haƙa kusa da ƙofa, ya ci karo da dutse. Ya matsa tsakiya, dutse. Dogo ya fara cewa a bar wa Allah kayansa. Tambaya ta ce ai kayan nasa take nema, a ci gaba. A can kusurwar ƙarshe, jikin katangar baya, ƙasa ta yi laushi, yashi ya fito da danshi, wata safiya kuma sai ga Kamilu ya ɗago kai daga rami yana dariya, wandonsa sharkaf. Ruwa ne garai-garai, mai sanyi, ba gishiri ba kanwa. Tambaya ta yi rawa a tsakar gida har ɗankwalinta ya faɗi, ta yi kuka, ta sake yin rawa. Kamilu ya ɗaure bakin rijiyar da siminti, ya sa mata murfin ƙarfe saboda yara, ya koma Bungudu da goron godiya.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta kwance tsumman nan, ta ɗebi rabin irin, ta mayar da rabi azara. Ta ja kunya-kunya dama da hagu tun daga ƙofa har rijiya, ta bar 'yar hanya a tsakiya daidai tafiyar mutum ɗaya. Da yakuwar ta tsiro, Dogo ya sha kama ta a tsugune tana yi mata magana da sunan da mahaifiyarta ke kiran ta da shi tana yarinya.

Wadda ta fara zuwa ɗiban ruwa ita ce Sa'adatu, maƙwabciyarsu ta bayan katanga. 'Yarta ta dawo gida haihuwar fari, ga wankan jego safe da yamma, kowane wanka kuwa sai an cika babbar tukunya an tafasa. Tambaya ta tarbe ta da murna, har ta ja mata guga da kanta. Wannan ai shi ne wa'adin, kuma da daɗi.

Abin da Tambaya ba ta lissafa ba shi ne irin gidan da take ciki. Gidajen layin kusan duk na Musulmi ne, namiji baligi ba ya wuce zaure, ko da rijiya goma ce a ciki. Gidan Baba Dogo kuwa ba zaure, ba kulle, ƙofar langa-langa ce da 'yar sakata da kowa ke iya ɗagawa daga waje. Labari ya zaga cewa akwai gidan Kirista da ruwansa ya fi na leda daɗi, kuma matar gidan ta yi wa Allah alkawari ba za ta hana kowa ba. Shi ke nan. Mai shayi ya zo. Mai wankin babura ya zo. Mai faci, mai wanki da guga, masu kwaɓa ƙasa a ginin da ake yi a ƙarshen layi, duk suka zo. Sallamar ma a tafe ake yin ta. Kafin Tambaya ta amsa, mutum ya riga ya kai bakin rijiya.

Hanyar mutum ɗaya ta bari, ga shi mutum biyu ke gamuwa a kai, kowa da jarka a hannu, dole ɗaya ya kauce. Ina zai kauce in ba kan yakuwa ba? Wani ya shigo da baro. Kuma babu wanda Allah ya taɓa ba shi ikon rufe ƙofa in ya fita. Awakin unguwa suka gane haka tun kafin mutane su gane.

Ta kafa ƙaya, ƙaya ta yagi zanen wata tsohuwa, sai da ta ba da haƙuri. Ta jera duwatsu, aka yi tuntuɓe da su. Ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa da sanda, tuwonta ya ƙone a kan wuta. Addu'arta ta safe ta sauya launi. Da can roƙo ne, yanzu ta koma kai ƙara, da sunayen mutane da na awaki. Dogo yana kwance yana ji, wata rana ya ce daga cikin bargo, "Kowa yac ci ladan kuturu, dole shi yi mishi aski." Ta yi kamar ba ta ji ba, amma koko ba sukari ya sha ranar.

Gaskiyar magana, Tambaya ba marowaciya ba ce. Ruwan bai dame ta ba, ko kwana za a yi ana ja, rijiyar ba ta nuna gajiya. Abin da ke cin ta shi ne ta roƙi ruwa don yakuwa, an ba ta ruwan, ruwan kuma yana neman cinye yakuwar. Wani lokaci takan ɗaga kai sama ta yi shiru, irin shirun da ake yi wa babba in ya yi maka wayo.

Ranar wata Asabar ta dawo daga gwajin waƙa a coci, ta tarar da ƙofa a wangale, awaki uku a ciki suna kiwo hankali kwance. Kunyar hagu gaba ɗaya ta tafi, sai kara tsirara. Tambaya ba ta yi ihu ba, abin da ya tsorata Dogo ke nan. Ta zauna a ƙasa ta tattara guntayen ganye a cinyarta, hawaye na zuba. Can ta ce, "Tashi ka tai kasuwa ka sawo mini kwaɗo. Babba, na kulle shago."

"Tambaya, rijiya ta bayar, guga ya hana?"

"Guga ba shi da yakuwa. Tashi."

Ya tafi, don ya san wannan muryar. Ita kuwa ta kwana tana shirya wa Ubangiji bayani. Ba hanawa za ta yi ba, tsari ne. Na ɗan lokaci ne, sai sauran yakuwar ta yi 'ya'ya ta samu iri. In mutane suka zo sau ɗaya sau biyu suka ga kwaɗo, za su rage zuwa, ƙofa ta zauna a rufe. Ai ko Ubangiji da kansa ya huta a rana ta bakwai.

Washegari Lahadi ce, kuma ranar zumuntar mata, ranar da su ke jan sujada tun daga farko har ƙarshe. Tambaya ta yi wanka ta ɗaura zanen anko, ta je bakin rijiya ta rufe murfi, ta datse kwaɗo. Ta ƙulle makullin a haɓar zane ta soke a ƙugu. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Sa'adatu, bokiti a kowane hannu.

"Mama, an hito? A sa mu cikin addu'a, da mai jego."

"To, to, mun makara," in ji Tambaya, ta wuce da sauri ba ta haɗa ido da ita ba. Dogo na biye yana tari irin na wanda ke da magana.

Coci ya cika. Aka yi karatu, aka yi addu'o'i, sannan Liyatu, mai ba da waƙa ta zumunta, ta fito gaba. Liyatu irin matan nan ce da ba a yin abu a gabansu, don ko akuyarka ce ta haihu sai ta sa ta a waƙa. Ta ce yau suna da sabuwar waƙa wadda suka ɓoye wa mutum ɗaya ko a wurin gwaji, don shaida ce a kan abin da Ubangiji ya yi a cikinsu. Masu tulu suka ɗauki kiɗa, kacau-kacau ya shiga, Liyatu ta ɗaga murya:

"Wa ya ga rijiya marar makulli?
Shi zo Tudun Wada shi gani.
Ubangiji ya ba Tambaya ruwa,
Tambaya ta ba unguwa."

Mata suka amsa: "Ɗebi, ɗebi, ba a hanawa!"

Tambaya ta ji kamar an watsa mata ruwan rijiyar tata a baya. Ta sunkuyar da kai, mata suka ɗauka kunya ce irin ta wanda ake yabo, suka ƙara ƙaimi. Biyu suka zo suka kama hannayenta suka jawo ta tsakiyar fili. Ba yadda za ta yi, ta fara taka rawa. Kuma abin haushi, kiɗan ya yi daɗi, ƙafar Tambaya kuwa ba ta taɓa jin tulu ta yi gardama ba. Ta duƙa, ta juya, ta girgiza kafaɗa, zane ya sassauta. Daidai inda masu kiɗa suka tsaya cak don Liyatu ta ja numfashi, wani abu ya faɗi a kan siminti, ƙararsa ta kai har kujerar baya.

Liyatu ta duƙa ta ɗauka, ta ɗaga sama. Sabon makulli ne fil, yana walƙiya.

"Makullin wa yah hwaɗi?"

Daga ɓangaren maza Baba Dogo ya miƙe a hankali, duk tsawonsa. Bai iya ƙarya a coci ba, bai kuma iya barin matarsa a rana ba, don haka ya nemo gaskiyar da ta fi gajarta. "Ni nas sawo shi," ya ce, ya miƙa hannu.

Da Tambaya ta yi shiru, da an wuce wurin. Dogo zai sa makulli a aljihu, a ƙarasa waƙa, a ci shinkafar zumunta. Amma ta dubi tsohon nan tsaye da hannu a miƙe yana ƙoƙarin rufa mata asiri, ta dubi matan da suka ce Amin ranar Alhamis ɗin nan, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Na rijiya na," ta ce. Muryar da ke tada unguwa yau da kyar ta fito. "Yau da sahe nik kulle ta. Awaki sunka cinye mini yakuwar innata."

Fasto ya gyara tabarau. Wata jaririya ta yi atishawa. Ana cikin haka sai wata tsohuwa a layin gaba, wadda awaki suka taɓa cinye mata shanyar gero, ta ce da ƙarfi, "Awakin Tudun Wada ba su da tsoron Allah!" Dariya ta ɓarke, har Fasto. Liyatu kuwa ko gezau, ta yi wa masu tulu alama, ta ƙaro baiti nan take:

"Awaki sun ci yakuwa,
Tambaya ta ji zahi.
Wanda yab ba da ruwa na nan,
Shi ka sanyaya zuciya."

"Ɗebi, ɗebi, ba a hanawa!"

Liyatu ta danƙa wa Tambaya makullin a tafin hannu ta matse. Tambaya ba ta jira wa'azi ba. Ta fita da ankonta, ta tare ɗan kabu-kabu, ta ce ya kai ta gida kamar ana bin su.

Ƙofa a rufe take, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗaga sakata ta shiga. Sa'adatu na nan, bokitanta a ajiye wayam a bakin rijiya, rana ta take. Ba zaune take ba. Ta samo 'yan ƙirare tana kafa wa yakuwar da aka tattaka, tana ɗaure su da zaren buhu.

"Mama, har an taso? Na ga kwaɗo, nac ce hala wani yaro yay yi wasa bakin rijiya kinka tsorata. Nac ce bari in jira, in tsare miki ƙohwa kahin ki dawo."

Tambaya ta so a ce zagin ta aka yi, da ya fi sauƙi. Ta ce, "Mai jego ba ta yi wanka ba?"

"Tana jira. Ba komi."

Tambaya ta buɗe kwaɗon, ta zare shi gaba ɗaya. Ita ta ja guga, ita ta cika bokitan, ta ɗauki ɗaya a ka da zanen ankonta ta raka Sa'adatu har gindin murhu.

Da Dogo ya dawo da ragowar shinkafar zumunta a leda, ya tarar da ita da fartanya. Ta riga ta tuge kunyar dama tun daga ƙofa, tana baje ƙasa tana faɗaɗa hanya. Sa'adatu na tsaye tana roƙon ta ta bari, tana cewa za a yi wa mutane magana, za a riƙa rufe ƙofa.

"Ba mutane na ba, Sa'adatu, ni ta," in ji Tambaya, ba ta ɗago ba. "Muddin yakuwag ga na tsaye, idona na kan ƙahwahun mutane. Yau na ɓalle kwaɗo, gobe zuciyata ta sawo wani."

Dogo ya ajiye leda, ya karɓi fartanyar ya ƙarasa mata. Ba su bar ko tushe ɗaya ba. Ganyen da aka tuge ya cika kwando. Tambaya ta wanke shi da ruwan rijiya, ta yi miya a babbar tukunya da gyaɗa da daddawa, ta aika wa mai jego kwano, ta aika wa Liyatu, har mai shayi ya samu. Ita ma ta zauna ta ci. Ɗanɗanon na nan yadda ta san shi tun tana yarinya, ta ci tana share ido, tana cewa yaji ne ya yi yawa. Dogo, wanda ya san ba ta sa yaji ba, ya ce lallai ya yi yawa.

Kwaɗon ya koma ƙofar akurkin kaji. Da yamma Tambaya ta hau kan turmi ta sauko da tsumman nan daga azara, ta kwance, ta dubi rabin irin da ya rage. Ta daɗe tana juya shi da yatsa. Sannan ta ƙulle shi tam, ta mayar inda yake.

Da gari ya waye ta durƙusa kamar kullum, unguwa ta kasa kunne.

"Ya Ubangiji, na gode da ruwa. Irin innata na nan wurinka ajiya, ka san inda yake. Kuma in za ni sake yi maka wa'adi, don girmanka ka bari in yi shawara da Dogo tukuna."

"Amin!" in ji Dogo daga cikin bargo.

Kafin ta rufe addu'ar, sakata ta ɗaga, aka yi sallama a tafe, baro ya shigo yana ƙara a kan sabuwar hanya. Tambaya ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta leƙo ta taga.

"Ɗebi, ɗana," ta ce. "In ka hita, ko ka bar ƙohwar buɗe, ba komi."